George Gabriel Stokes

Sir George Gabriel Stokes (13 ga Agusta, 1819 – 1 ga Fabrairu, 1903) masanin lissafi ne da kimiyyar fiziks, haifaffen ƙasar Ailan, wanda ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta aiki a Jami'ar Cambridge da ke Ingila. An fi saninsa da binciken da ya yi a kan motsin abubuwa masu gudana, wato ruwa da iska da mai da makamantansu, da kuma igiyar ruwan teku. Yana cikin waɗanda suka tsara lissafin da ake kira Navier–Stokes, wanda a kansa aka gina hasashen yanayi da ƙirar jiragen sama da na ruwa. Ya fitar da lissafin igiyar ruwa mai tsayi, ya kuma nuna cewa igiya tana tura ruwa gaba kaɗan-kaɗan. Dokar da ke bayyana saurin nitsewar ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa ko iska ma sunansa take ɗauke da shi.

Ya riƙe kujerar farfesan lissafi ta Lucas a Cambridge tun daga 1849 har rasuwarsa, shekara 54 ke nan, babu wanda ya kai shi daɗewa a kanta. Ya yi sakataren ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society daga 1854 zuwa 1885, ya shugabance ta daga 1885 zuwa 1890, ya kuma wakilci jami'arsa a majalisar dokokin Birtaniya daga 1887 zuwa 1892.

Asali da ƙuruciya

An haifi Stokes a ƙauyen Skreen da ke yankin Sligo, a arewa maso yammacin Ailan, kusa da gaɓar tekun Atlantika. Mahaifinsa, Gabriel Stokes, shi ne limamin cocin Angalika na ƙauyen. Mahaifiyarsa, Elizabeth Haughton, ita ma ɗiyar limamin coci ce. George ne autan gidan, kuma yayyensa maza uku sun gaji aikin mahaifinsu. Ya tashi a gida mai riƙo da addini, wanda ba shi da wata dukiya mai yawa.

A gida ya fara karatu. A 1832 aka tura shi makaranta a birnin Dublin. Mahaifinsa ya rasu a 1834, shekara guda bayan haka kuma ya ƙetara zuwa Ingila, ya shiga wata kwaleji a birnin Bristol, inda malamansa suka lura da baiwarsa a fannin lissafi. Bai yanke alaƙa da ƙasar haihuwarsa ba. Ko bayan ya shahara yakan koma gaɓar arewacin Ailan lokacin hutu, yana kallon yadda igiyar Atlantika take fashewa a kan duwatsu, yana auna tazarar lokacin da ke tsakanin wata da wata.

Karatu a Cambridge

A 1837 ya shiga Kwalejin Pembroke ta Jami'ar Cambridge. Ya yi karatu a hannun William Hopkins, malamin da ya yi suna wajen shirya ɗalibai domin babbar jarrabawar lissafi ta jami'ar. A 1841 Stokes ya zo na ɗaya a wannan jarrabawa, ya kuma lashe kyautar Smith ta farko. Nan take kwalejinsa ta ɗauke shi cikin malamanta.

Hopkins ne ya ba shi shawarar ya karkata ga nazarin motsin ruwa. A lokacin masanan Faransa ne suke kan gaba a wannan fanni, na Ingila kuwa an bar su a baya. Stokes ya buga maƙalarsa ta farko a 1842, ta biyu a 1843. A 1846 ya gabatar wa ƙungiyar bunƙasa kimiyya ta Birtaniya rahoto a kan inda bincike ya tsaya a fannin, kuma wannan rahoto ne ya sa aka fara saninsa a wajen Cambridge.

Kaurin ruwa da lissafin Navier–Stokes

Kusan shekara ɗari kafin Stokes, Leonhard Euler ya rubuta lissafin motsin ruwa, amma ya ɗauka cewa ruwa ba shi da kauri ko kaɗan, kuma sassansa ba sa gugar juna. Wannan lissafi yana da kyau a takarda, sai dai ya kasa bayyana abubuwan da kowa yake gani: me ya sa zuma take tsiyaya a hankali, ruwa kuwa da sauri, me ya sa ruwan kogi ya fi gudu a tsakiya, ya lafa a bakin gaɓa, me ya sa kunun da aka dama yake daina juyawa da zarar an cire ludayi.

Injiniyan Faransa Claude-Louis Navier ya shigar da kauri cikin lissafin a 1822, Siméon Poisson da Barré de Saint-Venant kuma suka biyo baya. Navier ya dogara ne da wani zato game da yadda ƙananan ƙwayoyin ruwa suke jan juna, zaton da ba shi da tabbas. A maƙalar da ya gabatar a 1845, Stokes ya bi wata hanya dabam. Ya ɗauki ruwa a matsayin abu guda mai haɗe, ya ce idan wani sashe ya fi na kusa da shi gudu, to akwai gogayya a tsakaninsu, kuma ƙarfin gogayyar yana ƙaruwa daidai da bambancin gudun. Daga nan, tare da dokokin motsi na Isaac Newton, ya fito da lissafin. Ya gano daga baya cewa wasu sun riga shi isa ga sakamakon, amma hanyarsa ce ta fi karɓuwa, kuma ita ake koyarwa har yau. Shi ya sa aka haɗa sunansa da na Navier.

Lissafin yana cewa canjin gudun kowane ɗan sashe na ruwa yana fitowa ne daga abu uku: bambancin matsi, gogayyar da kauri yake haddasawa, da ƙarfin da ke zuwa daga waje, kamar nauyi. Faɗarsa ba wuya, warware shi ne aiki. A 1883 Osborne Reynolds ya nuna da gwaji cewa ruwan da ke tafiya a natse cikin bututu yakan rikiɗe ya hargitse idan gudunsa ya wuce wani mizani, kuma har yanzu wannan hargitsi yana cikin manyan matsalolin da kimiyya ba ta gama warwarewa ba. A shekara ta 2000 Cibiyar Lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa kyautar dala miliyan 1 ga duk wanda ya tabbatar ko lissafin Navier–Stokes yana da amsa lafiyayya a kowane hali, ko kuwa akwai inda yake tarwatsewa.

Igiyar ruwan teku

A 1847 Stokes ya gabatar da maƙalarsa a kan igiyar ruwa, wadda ita ce ginshiƙin sunansa a kimiyyar teku. Kafin wannan, George Airy ya fitar da lissafin igiya mai ƙaramin tsayi. Lissafin Airy ya ɗauka cewa tudun igiya da kwarinta kamanninsu ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma kowane ɗigon ruwa yana zagayawa ne ya dawo daidai inda ya tashi. A ruwa mai zurfi, lissafin ya nuna cewa igiya mai dogon zango ta fi mai gajeren zango gudu. Misali, igiyar da ke ɗaukar daƙiƙa 10 tsakanin tudu da tudu tana da zangon mita 156 a ƙiyasce, tana kuma gudun kusan kilomita 56 a awa.

Duk wanda ya tsaya a bakin teku ya san cewa babbar igiya ba haka take ba. Tudunta tsini gare shi kamar tozon raƙumi, kwarinta kuwa faffaɗa ne. Stokes ya samo hanyar gyara lissafin mataki-mataki: a fara da amsar Airy, a ƙara mata gyara na biyu, sannan na uku, kowane gyara yana ƙanƙanta bisa ga yadda tsayin igiyar yake idan aka gwada shi da zangonta. Abubuwa uku suka fito daga wannan aiki.

Na farko, siffar igiya ta fito yadda ido yake ganinta, tudu mai tsini da kwari mai faɗi. Na biyu, ya nuna cewa gudun igiya bai dogara da zangonta kaɗai ba: igiya mai tsayi ta ɗan fi gajeruwa gudu, ko da zangonsu ɗaya ne. Na uku, wanda ya fi tasiri, ya nuna cewa ɗigon ruwa ba ya dawowa daidai inda ya tashi. Lokacin da yake kan tudu yana tafiya gaba da sauri, lokacin da yake cikin kwari yana komawa baya da saurin da bai kai na farko ba. Saboda haka kowane zagaye yana barinsa gaba kaɗan. Wannan turi shi ake kira jan Stokes. Ya fi ƙarfi a saman ruwa, yana raguwa da sauri idan aka nutsa. Ga igiyar daƙiƙa 10 mai tsayin mita 2, jan bai wuce santimita 2 da rabi a daƙiƙa ba, amma a yini da kwana ya zarce kilomita 2. Da shi ake lissafi idan ana son a san inda man da ya malala a teku zai dosa, ko inda tarkacen roba zai taru, ko inda za a nemi kwalekwalen da ya ɓace.

A 1880, lokacin da yake tattara rubuce-rubucensa domin bugawa, ya ƙara wani bayani a kan igiya mafi tsayi da za ta iya tafiya ba tare da ta fashe ba. Ya nuna cewa idan igiya ta kai wannan iyaka, tudunta zai zama kusurwa mai digiri 120. A 1893 John Henry Michell ya lissafa cewa a ruwa mai zurfi tsayin irin wannan igiya kusan kashi ɗaya cikin bakwai ne na zangonta. Idan ta wuce haka, sai ta fashe ta yi kumfa. Cikakkiyar hujjar lissafi a kan batun digiri 120 ba ta samu ba sai a 1982, ta hannun Charles Amick da Edward Fraenkel da John Toland a gefe guda, da Pavel Plotnikov na Rasha a ɗaya gefen, wato shekara fiye da ɗari bayan Stokes ya faɗe shi.

Akwai kuma batun gudun ayari. Igiyoyi a teku a rukuni suke tafiya, kuma rukunin yana da nasa gudun dabam da na kowace igiya a cikinsa. A ruwa mai zurfi gudun ayari rabin gudun igiya guda ne: igiya tana fitowa daga bayan ayari, ta ratsa shi, ta ɓace a gabansa. Stokes ya bayyana dalilin haka a wata tambayar jarrabawa da ya tsara a 1876. Ya kuma lura cewa tunda dogayen igiyoyi sun fi gudu, su ne za su riga isa gaɓa daga wurin da aka yi guguwa, gajeru su biyo baya. Wanda ya auna yadda tazarar lokacin take raguwa kwana bayan kwana zai iya ƙiyasta nisan guguwar da ta haife su.

Dokar Stokes

A ƙarshen 1850 ya gabatar da wata maƙala, wadda aka buga a 1851, a kan yadda kaurin iska yake rage lilon ƙarfen agogo. A wancan zamani da irin wannan lilo ake auna ƙarfin jan ƙasa a wurare dabam-dabam domin a san siffar duniya, saboda haka kuskure kaɗan yana ɓata sakamako. A cikin wannan aiki ne ya lissafa irin tirjiyar da ƙaramin abu mai siffar ƙwallo yake fuskanta idan yana tafiya a hankali cikin ruwa ko iska. Ya samu cewa tirjiyar tana ƙaruwa daidai da kaurin ruwan, da faɗin ƙwallon, da gudunsa.

Abin da ya biyo baya shi ne: saurin nitsewar ƙwaya yana tafiya ne da faɗinta sau faɗinta. Idan faɗin ya ragu sau 10, saurin zai ragu sau 100. Ƙwayar rairayi mai laushi mai faɗin milimita 0.05 tana nitsewa mita guda a ruwa mai kwanciya cikin minti bakwai zuwa takwas. Ƙwayar laka mai faɗin milimita 0.01 tana buƙatar kusan awa 3. Ƙwayar yumɓu mai faɗin milimita 0.001 kuwa sai ta yi kusan mako biyu. Stokes da kansa ya yi amfani da dokar wajen bayyana dalilin da ya sa gajimare yake rataye a sama: ɗigon ruwan da ke cikinsa ƙanana ne ƙwarai, faɗuwarsu ba ta wuce kimanin santimita guda a daƙiƙa ba, iska mai tashi sama kaɗan ma ta isa ta riƙe su.

Ana ganin aikin wannan doka a ƙasar Hausa kowace shekara. A yankin Isa da Sabon Birni, a gabashin Jihar Sakkwato, kogunan Bunsuru da Gagere da na Rima suna cikowa da jan ruwa a damina. Idan ruwan ya yi ambaliya ya bazu a fadama, gudunsa yana raguwa, sai rairayi ya fara zama kusa da gaɓa, laka ta wuce gaba, yumɓu kuwa ya tafi can inda ruwan yake kwanciya ya daɗe. Wannan rarrabewa ce ta sa ƙasar fadama take bambanta daga wuri zuwa wuri, wani wurin jigawa, wani wurin laka mai riƙe ruwa wadda ta dace da shinkafa. Ita ce kuma take sa laka tana taruwa a bayan madatsun ruwa irin ta Goronyo da ke kan kogin Rima, abin da yake rage yawan ruwan da madatsa take iya ɗauka a tsawon shekaru. Ruwan kogi da aka ɗebo aka bari a randa yana washewa daga sama, amma yumɓu yana daɗewa bai kwanta ba. Idan aka zuba garin 'ya'yan zogale, ko sinadarin da ake amfani da shi a matatun ruwa, ƙananan ƙwayoyin sai su dunƙule su zama manya, su nitse da wuri.

Haka yake ga hazon hunturu. Ƙurar da iska take kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana rarrabuwa a hanya: manyan ƙwayoyi suna zubewa kusa, masu laushi kuwa suna kwanaki a sama, su lulluɓe Maraɗi da Sakkwato da Kano, su kai har gaɓar teku. A ɗakunan gwajin ƙasar noma, ana kaɗa ƙasa a ruwa a auna saurin kwanciyarta domin a san kason rairayi da laka da yumɓu da ke cikinta, kuma dokar Stokes ce tushen wannan awo.

Dokar ta yi aiki a manyan gwaje-gwajen fiziks ma. Albert Einstein ya yi amfani da ita a 1905 wajen bayyana kai-komon ƙananan ƙwayoyi a cikin ruwa, Robert Millikan kuma ya dogara da ita a gwajinsa na ɗigon mai, wanda ya auna cajin lantarki na ilektron da shi.

Sauran ayyukansa

Stokes ya yi bincike mai yawa a kan haske. A 1852 ya bayyana dalilin da ya sa ruwan da aka narkar da kwinin a ciki yake ba da shuɗin haske: yana shanye hasken da ido ba ya gani, ya mayar da shi a zangon da ya fi tsawo, wanda ido yake gani. Wannan aiki ya sa Royal Society ta ba shi lambar yabo ta Rumford a shekarar. A 1864 ya nuna cewa sinadarin da ke ba jini launinsa yana ɗaukar iskar oksijin yana sakinta, kuma launinsa yana canzawa da hakan. A 1849 ya fitar da hanyar gano siffar duniya daga awon ƙarfin jan ƙasa, wadda masu safiyo suka daɗe suna amfani da ita.

Akwai wata ƙa'idar lissafi da ake kira da sunansa wadda ba shi ya fara gano ta ba. Abokinsa William Thomson, wanda daga baya ya zama Lord Kelvin, shi ya rubuto masa ita a wasiƙa a 1850. Stokes ya sa ta a jarrabawar kyautar Smith ta 1854, wadda James Clerk Maxwell yake cikin masu rubutawa, daga nan sunan ya bi shi.

Gwamnati ta nemi shawararsa a kan gadojin jirgin ƙasa. Bayan gadar kogin Tay ta Sikotland ta rushe cikin guguwa a ranar 28 ga Disamba, 1879, ta faɗa da jirgi da fasinjojinsa, an sa shi cikin kwamitin da ya duba irin ƙarfin iskar da ya kamata a riƙa lissafawa wajen gina gadoji.

Inda ya kuskure

Ba duk abin da Stokes ya tsaya a kai ne ya tabbata ba. A 1834 injiniya John Scott Russell ya ga wani tudun ruwa guda ɗaya tilo yana tafiya a wata mashigar jiragen ruwa a Sikotland, bai canza siffa ba, ya bi shi a kan doki na tsawon fiye da mil guda. Airy da Stokes duka sun yi shakkar cewa irin wannan igiya za ta iya ɗorewa, kuma nauyin sunansu ya sa aka yi watsi da batun shekaru da dama. Joseph Boussinesq a farkon shekarun 1870 da Lord Rayleigh a 1876 suka nuna cewa Russell ne yake da gaskiya. Daga baya Stokes ya sauya ra'ayi.

A 1848 ya kawo shawarar cewa ƙara mai ƙarfi tana iya haifar da wani tsalle na farat ɗaya a matsin iska. Da Kelvin da Rayleigh suka soki hujjarsa, sai ya janye ta. Bincike na baya ya nuna cewa irin wannan tsalle yana faruwa, kuma shi ne ake ji idan bam ya fashe ko jirgin sama ya wuce gudun sauti. Haka kuma ra'ayinsa game da wani abu da masanan zamaninsa suka ɗauka ya cika sararin samaniya yana ɗauke da haske ya faɗi tare da faɗuwar wannan tunani gaba ɗaya a farkon ƙarni na 20.

Muƙamai da iyali

Albashin kujerar Lucas bai taka kara ya karya ba a lokacin da ya hau ta, har sai da ya haɗa da koyarwa a makarantar haƙar ma'adinai ta gwamnati a Landan a shekarun 1850. A 1857 ya auri Mary Susanna Robinson, ɗiyar Thomas Romney Robinson, masanin taurari na Armagh a Ailan. Dokar kwalejinsa a lokacin ba ta yarda malaminta ya yi aure ba, saboda haka ya ajiye matsayinsa na Pembroke, sai bayan an sauya dokar aka mayar da shi. Sun haifi 'ya'ya biyar, biyu daga cikinsu sun rasu suna jarirai. Matarsa ta riga shi rasuwa, a 1899.

Yawancin manyan bincikensa ya yi su ne kafin ya cika shekara 40. Bayan ya zama sakataren Royal Society, lokacinsa ya tafi wajen karanta maƙalun wasu, da gyara su, da amsa wasiƙu. Kelvin, wanda suka yi fiye da shekara hamsin suna musayar ɗaruruwan wasiƙu, yana cikin masu ganin cewa wannan aiki ya hana kimiyya cin moriyar basirarsa yadda ya kamata. Wasu masu tarihi kuwa suna ganin cewa ta wannan hanya ya yi tasiri a kan aikin masanan Birtaniya na tsawon shekara talatin, domin da wuya wata muhimmiyar maƙalar fiziks ta fito daga ƙungiyar ba ta bi ta hannunsa ba.

An san shi da ƙarancin magana da kunya. A majalisa yana tare da masu ra'ayin riƙau, ya goyi bayan ci gaba da zaman Ailan cikin Birtaniya, kuma da wuya ya tashi ya yi magana. Kafin shi, Newton ne kaɗai ya taɓa riƙe kujerar Lucas da shugabancin Royal Society da wakilcin jami'ar a majalisa. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, ya shugabanci Cibiyar Victoria, mai nazarin alaƙar kimiyya da addini, daga 1886 har rasuwarsa. An ba shi sarautar da ta sa ake kiransa Sir a 1889, da lambar yabo ta Copley a 1893. A 1899 jami'ar ta yi bikin cikarsa shekara 50 a kan kujerarsa, a 1902 kuma aka zaɓe shi shugaban Kwalejin Pembroke.

Rasuwa

Ya rasu a Cambridge a ranar 1 ga Fabrairu, 1903, yana da shekara 83. An binne shi a maƙabartar Mill Road da ke garin. Joseph Larmor ne ya gaje shi a kujerar Lucas, shi ne kuma ya kammala buga rubuce-rubucensa, waɗanda suka fito a littafi biyar tsakanin 1880 da 1905, ya kuma tattara wasiƙunsa na kimiyya a 1907.

Tasirinsa a kimiyyar teku

Nazarin igiyar ruwa ya samu sabon muhimmanci a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojojin ƙawance suke buƙatar sanin yanayin teku kafin su sauke dakaru a gaɓa. Harald Sverdrup da Walter Munk a Amurka suka tsara hanyar hasashen igiya. A 1948 Norman Barber da Fritz Ursell suka auna igiyoyin da ke isa gaɓar Cornwall ta Ingila, suka gano guguwar da ta haife su daga nesa, bisa hanyar da Stokes ya hango. A shekarun 1960 Munk da abokan aikinsa suka bi sawun igiyoyi daga kudancin tekun Pasifik har zuwa Alaska. Dogayen igiyoyin da ke dukan gaɓar Legas da sauran gaɓar Afirka ta Yamma ma daga guguwar kudancin Atlantika suke tasowa, dubban kilomitoci daga inda suke fashewa.

A 1967 Brooke Benjamin da Jim Feir suka gano cewa jerin igiyoyin Stokes a ruwa mai zurfi ba ya zama daram: a hankali yana rarrabuwa zuwa rukuni-rukuni, wasu igiyoyin su ƙaru, wasu su ragu. Wannan bincike yana cikin abubuwan da ake dubawa wajen bayyana manyan igiyoyin da kan taso ba zato su yi wa jiragen ruwa ɓarna. Injiniyoyin da ke gina tashoshin jiragen ruwa da dandamalin haƙar mai a teku, irin waɗanda ke gaban gaɓar Neja Delta, suna amfani da lissafin Stokes da aka faɗaɗa zuwa mataki na biyar domin sanin ƙarfin da igiya za ta daki ginin da shi. Manhajojin kwamfuta da ake hasashen damina da ambaliya da su kuma an gina su ne a kan lissafin Navier–Stokes.

An sa wa ma'aunin kaurin ruwa sunansa, haka ma wani rami a duniyar wata da wani a duniyar Mars.